Tsayin Rumfar Tarakta Mai Hannun Haƙa

A Boɗinga da Shagari, tarakta mai hannun haƙa rami tana bukatar rumfa saboda zafin rana da ƙurar hunturu. Sai dai rufin mazaunin direba ba shi ne ƙololuwarta ba. Idan aka naɗe hannun a baya, gwiwarsa kan kai kimanin mita 3.5 a manyan injuna irin JCB 3CX, don haka ya kamata ƙofa ta kai mita 4. Dalilin rarar kuwa, da tayoyin baya sun hau dokin ƙofa sai hannun ya ɗaga, kuma rairayin da ruwan damina ke tarawa yakan rage tsayin mashiga. Ƙarancin taƙi ɗaya ya isa ya yaye kwano, ya fasa bututun mai. Lalle a auna injin kafin magini ya aza tubali.