Matsayin Manazarcin Harka a Ƙungiyar Gina Manhaja Bisa Tsarin Ajayil

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu aikin gina manhajar kwamfuta, watau shin manazarcin harka yana da sauran amfani a ƙungiyar da ta rungumi tsarin Ajayil? Abin da ake nufi da manazarcin harka shi ne ma'aikacin da ke binciko yadda kamfani ko ma'aikata ke gudanar da aikinta, ya gano ainihin abin da take bukata, sa'an nan ya bayyana shi ga waɗanda za su gina manhajar. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne cewa sabon tsarin ya rage darajar dogayen takardun da manazarci ya saba rubutawa, amma bukatar da ake da ita ga nazarin kansa ƙaruwa ta yi.

2.0 Tsohon Tsari da Sabon Tsari

A tsohon tsari, wanda ake yi wa laƙabi da gangaren ruwa, aiki yana tafiya ne mataki bayan mataki ba waiwaye. Da farko manazarci zai tattara bukatu duka ya rubuta su cikin kundi, a sa hannu. Sai a zana fasali, a rubuta manhaja, a gwada, a miƙa. Tun a shekarar 1970 Winston Royce, wanda ake yawan jingina wannan tsari ga takardarsa, ya yi gargaɗin cewa bin matakan nan sau ɗaya tak yana tattare da haɗari, domin gwaji yana zuwa ne a ƙarshe, sa'ad da gyara ya riga ya yi tsada.

Misalin da ya shahara shi ne na hukumar bincike ta FBI a Amurka. A 2005 hukumar ta watsar da wata manhajar adana bayanan bincike bayan ta ci kimanin dala miliyan 170, kuma rahoton babban sufeton Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ya sanya rashin fayyace bukatu cikin manyan dalilan faɗuwar aikin. An fara magajiyarta mai suna Sentinel a 2006, ita ma ta yi ta jan ƙafa, har a 2010 hukumar ta karɓe ragamar aikin ta koma tsarin Ajayil da ma'aikata kaɗan, aka soma amfani da ita a 2012.

Shi kuwa tsarin Ajayil ya samo sunansa ne daga wata sanarwa da masana 17 suka fitar a watan Fabrairun 2001, bayan wani taro a jihar Yuta ta Amurka. A taƙaice sun fifita manhaja mai aiki a kan tarin takardu, sun kuma fifita haɗa kai da mai kaya da karɓar canji a kan riƙe tsohon shiri. Reshensa da ya fi yaɗuwa shi ne Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. A cikinsa ana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba, kuma a ƙarshensa sai ƙungiya ta nuna wani yanki na manhaja da ke aiki.

3.0 Inda Matsalar Take

Littafin jagoran Sikiram, bugun 2020, ya ambaci matsayi uku kawai a ƙungiya wadda yawanci ba ta wuce mutum 10 ba: mai kaya, wanda ke tsara jerin ayyuka bisa muhimmancinsu, jagoran tsari, da magina. Babu sunan manazarci a ciki. Wannan ne ya sa wasu suka ɗauka cewa sana'ar ta mutu. Amma fa share suna daga jeri bai share aikin ba. Tun a 1986 Frederick Brooks ya nuna cewa abin da ya fi kome wuya a ginin manhaja shi ne tantance ainihin abin da za a gina. Mai kaya mutum ɗaya ne, galibi kuma hankalinsa yana wajen kasuwa da shugabanni. Magina kuwa gwanaye ne a kan kwamfuta, ba lalle ne su san dokokin albashi ko na inshora ba. A wannan giɓi ne manazarci yake da wurin zama.

4.0 Hanyoyin da Manazarci Yake Amfanar Ƙungiya

4.1 Tono bukata daga ƙarƙashin roƙo

Abin da mutum ya roƙa da abin da yake bukata ba kullum suke zama ɗaya ba. Alal misali, akawu zai iya cewa a ƙara masa hanyar buga rahoto a takarda. Idan manazarci ya zauna kusa da shi ya ga aikinsa, mai yiwuwa ya tarar cewa yana buga rahoton ne don ya sake shigar da alkaluman cikin wata manhaja da hannu. Ashe abin da ake bukata shi ne a haɗa manhajojin biyu. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma maginin da ke fama da aikin zango ba shi da sukunin wannan zama.

4.2 Yanka aiki ƙanana

Ƙungiyoyin Ajayil da yawa suna rubuta bukatu cikin abin da suke kira labarin mai amfani, watau 'yar gajeruwar jimla da ke faɗin wane ne yake so, me yake so, kuma don me. A 2003 Bill Wake ya jera siffofi shida na labari mai kyau, daga ciki akwai ƙanƙanta, da amfani ga mai kaya, da yiwuwar a gwada shi. Yanka babbar bukata ta zama irin waɗannan labarai gwaninta ce. Mu ɗauka ana gina manhajar biyan albashi. Wanda bai san harkar ba zai yanka aikin bisa sassan na'ura, ya ce zangon farko na ma'ajiyar bayanai ne, na biyu na fuskar allo, sai a yi wata biyu ba a ga abin amfani ba. Manazarci kuwa zai ba da shawara a fara da ma'aikacin dindindin mai albashi tsayayye, a biya shi daidai daga farko har ƙarshe, daga baya a ƙara masu aikin ƙarin lokaci, da masu bashi, da 'yan kwantiragi.

4.3 Fito da misalai kafin a fara gini

Wajen shekarar 2004 Dan North da Chris Matts, wanda shi kansa manazarcin harka ne, suka tsara wata hanyar rubuta sharuɗɗan karɓar aiki mai gaɓa uku: halin da ake ciki, abin da ya faru, da sakamakon da ake tsammani. A misalinmu na albashi, dokar ta ce a biya kowa a ƙarshen wata. To, yaya za a yi da wanda aka ɗauka aiki ranar 16 ga wata? Da kwanakin wata za a raba albashinsa, ko da kwanakin aiki? Wanda aka ƙara wa girma a tsakiyar wata fa? Wanda ya rasu fa, wa za a biya? Idan ba a yi waɗannan tambayoyi ba, magini zai yanke hukunci da kansa ba tare da kowa ya sani ba, sai ranar biya kuskuren ya bayyana. Don haka ƙungiyoyi da dama suka ɗauki al'adar zaman mutum uku, manazarci da magini da mai gwaji, kafin a taɓa kowane labari. Misalan da suka amince da su su ne za su zama gwaje-gwajen da na'ura za ta riƙa maimaitawa.

4.4 Riƙe hoton aikin gaba ɗaya

Aikin zango-zango yana da nasa aibin, watau kowa ya duƙufa a kan ɗan yankinsa a manta da yadda yankunan za su haɗu. Manazarci ne ya fi dacewa ya lura cewa canjin da aka yi wa lissafin albashi zai shafi haraji da fansho, ko kuwa kalmar "ma'aikaci" tana da ma'ana ɗaya a ofishin kuɗi, wata dabam a ofishin ɗaukar ma'aikata. Har wa yau shi ne zai iya nuna wa mai kaya abin da bai cancanci a gina ba sam, kuma aikin da aka fasa saboda rashin amfaninsa riba ce ga kamfani.

5.0 Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Akwai hanyoyi biyu da manazarci zai zama cikas. Ta farko ita ce ya zama irin dillalin da ba ya barin mai saye da mai sayarwa su haɗu, kowace tambaya sai ta bi ta hannunsa. Wannan ya rushe tushen tsarin, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi; aikinsa shi ne ya kawo akawun nan gaban magina, ya taimaka su fahimci juna. Ta biyu ita ce ya rubuta labaran wata shida a gaba dalla-dalla, wanda ba kome ba ne illa tsohon kundi da aka yayyaga. Abin da ya dace shi ne ya zurfafa nazari a kan aikin zango ɗaya ko biyu masu zuwa, ya bar sauran a dunƙule. Haka kuma yanke hukunci a kan abin da za a fara ginawa hakkin mai kaya ne. Manazarci mai ba da hujja ne.

6.0 Kammalawa

Cibiyar manazarta harka ta duniya, wadda aka kafa a Toronto ta Kanada a 2003, ta amince da wannan sauyi, har ta fitar da ƙarin jagora na musamman a kan aikin Ajayil, wanda bugunsa na biyu ya fito a 2017. Saura ya rage ga malaman da ke horar da ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin fasaha. Idan har abin da muke auna ɗalibi da shi shi ne kaurin kundin da ya rubuta, to, muna shirya shi ne don aikin da yake ƙarewa. Ya kamata a koya masa yin tambaya, da sauraro, da yanka aiki, da kawo misali, a kuma haɗa shi aiki ɗaya da ɗaliban da ke koyon rubuta manhaja tun suna aji.