Tantanin da Ke Tace Mana Ruwa

Daga nan Birnin Shehu nake magana. Ga ledar fiya wata a hannuna, irin wadda muke yagewa da haƙori in rana ta take. Kafin ruwan nan ya shiga leda, a masana'antu da yawa sai ya ratsa wani siririn tantani da aka naɗe cikin bututu kamar tabarma. Labarin wannan tantani na kawo muku yau.

Ku saurari yadda abin ya faro, don ni ya burge ni ƙwarai. A shekarar 1748, wani masani a Faransa, Jean-Antoine Nollet, ya cika kwalba da ruwan barasa, ya ɗaure bakinta da mafitsarar dabba, ya tsunduma ta cikin ruwa. Da ya dawo, sai ya tarar mafitsarar ta kumbura tim, kamar fatar kalangu. Ruwa ya ratsa ya shiga, na ciki kuma ya kasa fita da sauri haka. Mafitsara fa, jama'a! Ashe tantani yana zaɓen abin da zai bari ya wuce. Uwargida ta san wannan: barbaɗa gishiri a yankakken tumatir, yanzu zai fara tsatsafo da ruwa.

Sai da aka yi sama da shekara 200 kafin Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas, su ƙera tantanin da za a matsa wa ruwan gishiri da ƙarfin famfo, ruwan daɗi ya fita, gishiri ya tsaya a baya. Wajen 1960 ke nan. Alhazanmu sun sha irinsa, domin Saudiyya na tace ruwan Bahar Maliya ta tura Makka, wani ta hanyar dafawa, wani ta tantani.

Mu ma ba baƙin tacewa ba ne. Dattawa za su tuna kurkunu. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu ɗauke da shi a Najeriya. Ɗaya daga cikin manyan makaman yaƙinsa ƙyalle ne, ƙyalle kawai, a ɗaura a bakin randa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi. To, ƙyalle bai iya tare ƙwayar amai da gudawa, amma tantani yana iyawa, domin ƙofofinsa sun fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Ruwan Rima da ke gangaro mana daga madatsar Goronyo jawur yake da damina, kuma laka na toshe tantani. Dole a fara kwantar da ita da alif, a bi da yashi. Daga waje ake sayo tantanin, da dala. Irin mai cire gishiri yana zubar da ruwa mai yawa, kuma bai aiki sai da wuta. Wuta kuwa, kun san halin da muke ciki.

Amma rana fa? Rana kam Allah Ya hore mana. Tun 1982 akwai Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma hasken rana ne babban aikinta. Faifan sola ya ɗaga ruwa zuwa tanki, nauyin ruwan ya tura shi ta tantani mai tare ƙwayoyin cuta, ba janareto ba man dizal. A ganina wannan ne ya dace da unguwanni irin Mabera da Runjin Sambo, inda 'yan garuwa ke tura kura tun asuba.

Lokaci ya ci mu. Malaman jami'a da Hukumar Ruwa ta jiha, don Allah ku zauna tare, ku gwada mana ko a unguwa ɗaya.