Aikin banki a Ghana: rigar ta banki ce, takardar ta wani ce

Daga Nima zuwa Aboabo, idan aka ce yaron gidan wane ya samu aikin banki, har maƙwabta sai sun shigo barka. A idon iyaye da yawa a Zango, kakarsa ta yanke saƙa. Ni ma a aji, in na tambayi yara abin da suke so su zama, banki ba ya wuce na uku. Amma akwai tambaya ɗaya da ba mu cika yi ba: sunan wa ke saman takardar ɗaukar aikin?

Da yawa daga cikin matasan da ke ƙirga mana kuɗi a kanta, da waɗanda ke yawo a Makola da Kejetia suna neman masu buɗe asusu, ba ma'aikatan bankin ba ne. Wani kamfani ne na daban ya ɗauke su, ya ba banki aronsu. Tebur ɗaya suke da ma'aikacin dindindin, aiki iri ɗaya, tashi lokaci ɗaya, amma albashi da alawus da kuɗin asibiti sun sha bamban. In lissafi bai cika ba da yamma, galibi daga aljihun mai kantar ake cikewa.

Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce wanda aka ɗauka na wucin gadi, in ya yi wata shida a jere wajen mai aiki ɗaya, a ɗauke shi kamar na dindindin. To, a nan dabarar take. Banki zai ce ai ba ni na ɗauke ka ba, je ka wajen kamfaninka. Sai mutum ya share shekaru yana jiran a tabbatar da shi.

Sai kuma maganar taget, wato adadin kuɗin ajiya da ake ɗora wa ma'aikaci ya kawo. Wannan ya fi ci mini rai. Wata da na taɓa koyarwa, tana aiki a wani banki da ba zan ambata ba, ta ce mini: "Malam, wallahi ko biki na je, lissafi nake wa zan roƙa ya buɗe asusu." Ɗan Zango dukiyarsa ita ce jama'a, don haka kawu da gwaggo da mahautan unguwa yake fara jawowa. Sun ba shi kuɗinsu ne don sun san ubansa.

Mun ga inda hakan ya kai. A watan Agustan 2017 Babban Bankin Ghana ya ƙwace lasisin UT da Capital, ya miƙa su ga GCB. Bayan shekara guda aka haɗe wasu biyar, ciki har da uniBank da Beige, aka kafa Consolidated Bank Ghana. A 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347. Dubban mutane suka rasa aiki. Masu takardar dindindin suna da ƙafar tsayawa su nemi kuɗin sallama, ko da an ja su a ƙasa. Ɗan aro kuwa sai dai ya koma kamfanin da ya kawo shi, ga kuma masu ajiya na sallama a ƙofar gidansu, domin shi suka sani, ba manaja ba.

Ban shiga batun riba ba, wannan na malamai ne. Amma ko neman izinin zuwa Juma'a, ko maganar mayafi ga 'yan mata, wanda kwantiraginsa ke ƙarewa kowace shekara da wane baki zai yi ta?

Shi ya sa duk tsohon ɗalibin da ya zo mini da albishir, bayan addu'a sai in ce ya kawo takardar mu karanta tare. Mu ga wa ya sa hannu, na wata nawa ne, ko an yarda ya shiga ƙungiyar ƙwadago irin su UNICOF. Sannan in ce bayan wata uku ya je ofishin SSNIT da kansa, ya duba ko kashi 5.5 da ake cirewa a albashinsa da kashi 13 na mai aiki suna shiga da sunansa.