Kula da Ɗan Kanari Mai Ciwon Ƙafa

Da yawa daga cikinmu muna kiwon kanari a keji domin daɗin kukansa. Amma in ɗan tsuntsun ya soma jan ƙafa, mukan ce a bari, zai warke da kansa. Wannan jinkiri shi ke gurgunta shi. Ɗan kanari yakan bar sheƙa wajen mako 3 bayan ƙyanƙyashewa, ƙasusuwansa kuwa suna girma da sauri, har ƙafar da ta karkace takan ƙafe a haka cikin 'yan kwanaki.

Da fari sai mu iya riƙonsa. Mu kwantar da bayansa a tafin hannu, wuyansa tsakanin yatsu biyu. Kada mu matse ƙirjinsa, gama da motsin ƙirji tsuntsu yake numfashi. Sa'an nan mu duba ƙafar cikin haske, domin ciwon yakan zo iri uku.

Na ɗaya, zare ko gashi. Yakan naɗe yatsun tsuntsu a cikin sheƙa ya hana jini gudu, yatsan ya kumbura, daga baya ya bushe ya faɗi. Mu yanke zaren da ƙaramin almakashi, kada mu fizge. In jini ya fito mu danne wurin a hankali da tsabtataccen ƙyalle. Babban kanari ma bai cika wuce giram 20 ba, saboda haka ɗigo kaɗan babbar hasara ce gare shi.

Na biyu, buɗewar ƙafafu, wato su baje gefe da gefe ya kāsa tsayawa. Santsin gindin sheƙa ko ƙarancin sinadarin kalsiyam ke kawo wannan. Maganinsa dabaibayi ne: mu haɗa ƙafafun biyu da siririn filasta a sama da yatsu, mu bar tazara daidai faɗin jikinsa. Mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi a sheƙar. Kowace rana mu duba, domin yana girma, filastar kuwa ba ta girma.

Na uku, karaya. Ƙafar takan yi lilo ta kumbura. In a sirantar ƙafa ne, inda babu gashi, mu miƙe ta a hankali, mu manna filasta biyu gaba da baya su riƙe ta. Ƙashin ƙaramin tsuntsu yakan haɗe cikin mako 2 zuwa 3. Amma in ƙashi ya huda fata, ko karayar tana can sama kusa da jiki, wannan aikin likitan dabbobi ne.

Bayan haka, in iyayensa suna ciyar da shi mu mayar musu da shi. In sun ƙi, mu sa shi a kwali kusa da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma, nesa da hayaƙin gawayi. Mu ba shi dafaffen ƙwai da jiƙaƙƙen garin gero, kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini, tare da ɗan garin ɓawon ƙwai da aka dafa, domin ƙarfin ƙashi. Kada mu ɗura masa ruwa a baki, gama yakan shaƙe, kada kuma mu ba shi maganin mutane.

Saboda haka, ɗalibai, wanda kanarinsa ya yi ƙyanƙyasa ya riƙa leƙa sheƙar kowace safiya kafin ya tafi aji.