Yaushe Rabon Ki Share Rajistar Masu Ba Ku Gudummawa?

Uwargida, idan ke ce sakatariya ko ma'ajin ƙungiyar tallafa wa marayu ta unguwarku, to rajistar masu ba ku gudummawa amana ce a hannunki. Tun daga manyan ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, har zuwa ƙananan ƙungiyoyin islamiyya, da taimakon mutanen da ke cikin irin wannan rajista ake tafiyar da aiki. Ita ma kamar ɗaki take, in ba a share ba sai ta tara ƙura.

Ki fara da adana kwafin tsohuwar, sannan ki nemo sunayen da aka maimaita. Mace ɗaya za ki tarar an rubuta ta da sunanta, da sunan mijinta, da kuma "Maman wane". Sai a roƙe ta sau uku, ko a ɗauka kaɗan take bayarwa alhali ita ce kan gaba. Lambar waya ce ke raba gardama, amma ki rubuta su duka iri ɗaya, don a wurin kwamfuta 0803 daban, +234803 daban. Ki kuma kula, Excel kan cinye sifilin farko.

Bayan nan ki kira lambobin ɗaya bayan ɗaya. A Disambar 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, a 2024 kuma aka rufe layuka da dama. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani, sai saƙonku ya faɗa hannun baƙo. Wadda ta rasu kuwa ki sa alama a gefen sunanta, kada a aika wa iyalanta takardar roƙo su ji an fama musu ciwo.

Ki ware gurbin zakka daban da na sadaka, domin zakka kashi 8 ne kawai na mutane ake ba.

A ƙarshe, ki riƙe sirri. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi ƙungiyoyi ma, kuma wata ba ta son kowa ya san abin da ta bayar. Kada ki tura rajistar a zauren WhatsApp.

Ki yi wannan shara a Rajab ko Sha'aban, kafin hidimar azumi ta taso. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.