Rairayi da Tsami ke Cinye Daɓen Dutse a Nguru da Gashuwa

Masu shaguna, masaukan baƙi da gidajen haya a Nguru da Gashuwa kan zuba kuɗi mai yawa wajen shimfiɗa daɓen mabul ko taraso, amma kafin shekaru kaɗan sai ƙyallinsa ya dushe. Galibi laifin ba na magini ba ne, na shara da wanki ne.

Arewacin Jihar Yobe ƙasar rairayi ce, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na tura shi har cikin ɗakuna. A ma'aunin taurin duwatsu, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ƙwayar rairayi tana mataki na 7, mabul kuwa na 3. Saboda haka duk takalmin da ya taka rairayi a kan daɓen, kankare shi yake yi. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da an fara sharewa ba yana ƙara ɓarnar. Tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa da tsintsiya mai laushi sun fi kowane sinadari amfani a nan.

Abu na biyu shi ne tsami. Mabul, irin wanda ake haƙowa a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, dangin farar ƙasa ne, kuma tsakuwarsa ce ake cakuɗawa da siminti a yi taraso. Ruwan wanke banɗaki mai asid, lemun tsami, tsamiya, har zoɓon da ya zube aka bari, duk suna cin fuskarsa, su bar tabon da sabulu ba ya fitarwa. Kanwa ba ta da tsami, amma takan bar farin gishiri idan ta bushe. Ruwa da ɗan sabulu marar ƙarfi sun wadatar. Dutsen giranayit ya fi jure duk wannan, abin da ya kamata mai sabon gini ya auna kafin ya yi oda.

Idan daɓe ya riga ya lalace, ba sai an fasa shi ba. Masu sana'ar kan bi shi da injin gurza da ruwa, daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi, su cike tsagogi, sannan su fito da ƙyalli. Sai dai kowace gurza tana rage kaurin daɓen. Kafin a biya kuɗin aiki, a sa ma'aikacin ya gwada a wata kusurwa, a kuma yi ciniki bisa murabba'in mita.