Hadarin Gabas A Ƙasar Rano Da Kibiya: Bin Sawunsa Da Ƙiyasin Ƙarfinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya dubi tsofaffin gine-ginen ƙasa na garin Rano da ƙauyukan Kibiya zai lura da cewa bangon gabas shi ya fi shan wuya. Shi ruwa ke zaizayewa, shi ne kuma magina kan fi ba kulawa wajen yaɓe da shafen makuba kafin damina ta faɗi. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga Bahaushe, watau hadari daga gabas yake tasowa. Manomi ya san inda zai fito, ya san inda ya dosa, yakan kuma ƙiyasta lokacin isowarsa. Abin da ke gagararsa shi ne sanin da wane irin ƙarfi zai iso. Hadarin da ya haɗo baƙi ƙirin yana iya watsewa ya bar mutane da ƙura, wanda aka raina kuma ya kware jinka da kwanon rufi, ya kwantar da gero. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa masana yanayi, duk da na'urorinsu, suna fama da wannan matsala ɗin, ko a kan hadarinmu na tudu ko a kan guguwar teku wadda shi ne yake haifar da ita.

Kafin a shiga bayani ya kamata a tsaya kaɗan a kan kalmomi. A Hausar asali guguwa ita ce iskar nan mai juyawa da kan tashi da rana tsaka a lokacin rani da bazara, ta kwashi ƙura da yayi ta yi sama da su, wadda ake hana yara shiga cikinta saboda iskoki. Ba ta zuwa da ruwa, ba ta kuma daɗewa. Gidajen rediyo ne suka ari kalmar suka yafa wa babbar iskar teku, har suka ƙara mata da "mahaukaciya" don a bambanta. Aron ya zauna, kuma ya dace ta fuskar juyawa, amma ta fuskar asali guguwar teku 'yar hadari ce, babu abin da ya haɗa ta da guguwar rani.

Yadda Hadari Ke Haɗuwa

Da damina iska iri biyu ce ke bi ta saman ƙasar Hausa, ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasa tana fitowa daga kudu maso yamma, daga tekun Gini, ɗauke da laima. Ta sama kuwa, wadda ta fi ƙarfi a tsayin kilomita 3 zuwa 4, daga gabas take kaɗowa, busasshiya, mai gudu. Shi ya sa mai lura zai ga ƙananan gizagizai na safe suna tafiya daga kudu maso yamma, amma babban hadari ya fito ta gabas. Ƙananan iskar ƙasa ke kora su, babban kuwa ya yi tsawon da iskar sama ce ke jan ragamarsa.

Idan rana ta dafa ƙasa daga hantsi zuwa azahar, iska mai laima takan yi sama, musamman a inda akwai duwatsu da tuddai da za su taimaka mata ta hau. Tsaunukan Habasha da na Darfur, da duwatsun Azbin, da tudun Jos, duk sanannun wuraren haihuwar hadari ne. Wanda ke isowa Rano da Kibiya daga ƙasashen da ke gabas da su yake fitowa, wajen Sumaila da Birnin Kudu da duwatsun Ningi, wani lokaci ma daga can wajen tafkin Chadi. Girgijen yakan yi toroƙo har ya kai kilomita 15 ko fiye. Sa'an nan ruwan da ke zubowa daga cikinsa ya ratsa busasshiyar iskar nan ta tsakiya, wani sashe nasa ya ƙafe, ƙafewar ta sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu. Ita ce iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, wadda ke sa mata su kwashe shanya a guje. Aikinta bai tsaya nan ba, domin tana tafe tana cusa kai ƙarƙashin iska mai zafi da ke gabanta tana ɗaga ta sama, sabon girgije yana haɗuwa a gaban tsohon. Ta haka hadari ke sabunta kansa, ya zama dogon layi daga arewa zuwa kudu mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, yana tafiya yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa, ya kwana yana tafiya. Irin wannan hadari shi ke kawo mafi yawan ruwan da ƙasashen Sahel ke samu.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa halin hadari ke sakewa da lokaci. Da bazara, sa'ad da iskar tsakiya ta bushe ƙayau, iskar da ke faɗowa takan fi ƙarfi, ruwan kuma ya yi ƙaranci, shi ya sa ɓarnar rufi ta fi yawa a watannin Mayu da Yuni. Da marka sama ta jiƙe, sai ruwa ya yawaita iska ta lafa. Da kaka kuma iska ta dawo, daidai lokacin da zangarniya ta yi nauyi a kan kara, kuma ba banza ba aka yi wa holoƙo kirari da hadarin kaka.

Daga Tudu Zuwa Teku

Iskar gabas ɗin nan ba miƙe take tafiya ba. Tana lanƙwasa kamar igiyar ruwa, kowace igiya kuma takan wuce wuri a cikin kwana 3 zuwa 5, tana tattara hadari a wani sashenta tana kore shi a wani. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa a yi ruwa yau, a ɗauke kwana biyu ko uku, sa'an nan a sake. Kimanin igiyoyi 60 ne ke ratsa Afirka ta Yamma kowace shekara su faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Sanagal da Gini. Yawancinsu a can suke mutuwa. Amma kaɗan daga cikinsu, idan suka tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai awo 26 ko 27, hadarin da ke cikinsu yakan fara juyawa a kan cibiya guda ya zama guguwa. An ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin 100 na manyan guguwar Atlantika, masu rushe garuruwa a Karebiyan da Amurka, daga waɗannan igiyoyi suka samo asali. Saboda muhimmancin abin ne ƙasashe wajen 70 suka haɗu a 1974 suka yi wani gagarumin bincike da cibiyarsa ke Dakar, da jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama, don a auna hadarin Afirka yayin da yake shiga teku.

Bin sawun guguwa ya yi sauƙi tun da aka sami tauraron ɗan'adam. Na farkon jerin Meteosat, wanda ke kallon Afirka daga sama, an harba shi a 1977, na bayansa kuma suna aiko da hoto kowane minti 15 ko ƙasa da haka. Hanyar da guguwa za ta bi manyan iskoki ne ke tsara ta, masu faɗin dubban kilomitoci, kuma kwamfuta tana iya lissafa su. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miyami ta rage kuskurenta na hasashen hanya da fiye da rabi tun daga 1990. Hasashen ƙarfi kuwa ya daɗe yana jan ƙafa, mafi wuyarsa kuma shi ne abin da masana ke kira ƙaruwar gaggawa, watau gudun iskar guguwa ya ƙaru da kilomita 55 a awa, ko fiye, a cikin kwana ɗaya.

Ƙaramar guguwa ita ta fi yin haka. Alal misali, ranar 29 ga Agusta, 2015, wata igiya ta bar gaɓar Gini. Washegari ta zama guguwa aka sa mata suna Fred, kafin wayewar garin 31 ga wata kuma iskarta ta haura kilomita 119 a awa, wanda shi ne mizanin cikakkiyar guguwa, ta ratsa tsibiran Kef Bad da ke yamma da Dakar. Rabon da tsibiran su ga irinta tun 1892. Mutum 9 suka rasu, kuma a teku suka rasu, yawancinsu a jirgin kamun kifi kusa da gaɓar Gini Bisau. Misalin da ya fi wannan tsanani shi ne na Otis, a Tekun Fasifik, cikin Oktoban 2023. Kwana ɗaya kafin ta isa birnin Akafulko na ƙasar Meziko ana ɗaukarta matsakaiciya, babu kuma wani lissafin kwamfuta da ya hango abin da za ta zama. Ta afka wa birnin cikin daren 25 ga wata da iskar da ta wuce kilomita 250 a awa, ta kashe mutum fiye da 50. Sai da jirgin sama mai awo ya kutsa cikinta da rana sa'an nan aka gane ta riga ta fi ƙarfin da hotunan tauraro suka nuna, a lokacin kuwa sa'o'i kaɗan suka rage.

Dalilan wannan gazawa suna da alaƙa da juna. Ƙarfin guguwa a cibiyarta ake yanke shi, a wani zobe na gizagizai wanda a ƙaramar guguwa faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci goma-goma ba. Kwamfutar da ke lissafin yanayin duniya kuwa tana yanka sararin sama gida-gida ne, kowane gida mai faɗin wajen kilomita 9 ko 10, saboda haka abin da ke faruwa a cikin zoben yakan sulluɓe mata, tamkar a tankaɗe gari da rariyar yashi. Tauraro kuma saman girgije yake gani. Hanyar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970, ta ƙiyasta ƙarfin guguwa daga siffar gizagizanta, har yanzu ana amfani da ita, amma an san takan raina ƙananan guguwa masu saurin girma. Bugu da ƙari, ƙaramar guguwa ba ta da nauyin jiki: ɗan ɗumin ruwa kaɗan yana iya hura ta, ɗan saɓanin iska ko busasshiyar iskar Sahara kuma ya kashe ta a yini ɗaya.

Komawa Rano Da Kibiya

Duk abin da aka faɗa game da ƙaramar guguwa ya hau kan hadarin tudu, har ma ya fi, domin hadari ya fi guguwa ƙanƙanta da gajeren rai. Inda iska mai kware rufi ke faɗowa wani lokaci bai fi faɗin gari guda ba, ana iya yin ɓarna a Kibiya a wayi gari Rano ba ta san an yi ba, alhali tsakaninsu 'yan kilomitoci ne. Ko yanayin ƙasar da hadari zai bi yana da tasiri. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka buga a 2011 ya nuna cewa hadarin Sahel ya fi haɗuwa a inda busasshiyar ƙasa ta yi iyaka da jiƙaƙƙiya, ko da faɗin wurin bai wuce kilomita 10 zuwa 40 ba. Ke nan ruwan da aka yi shekaranjiya a wata gunduma yana da hannu a hadarin yau. Wannan kuwa abin dubawa ne a yanki irin wannan, mai duwatsu, wanda kuma madatsar ruwa ta Tiga, da aka gama a 1974, da filayen noman rani na Kadawa suke maƙwabtaka da shi. Masanan nan dai sun sake nunawa a 2017 cewa yawan hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982, suka danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara.

Ga kuma ƙarancin awo. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha nuna cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya ƙarancin tashoshin awo. Babbar tashar da ke kusa da Rano ita ce ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, mai nisan fiye da kilomita 50, abin da aka auna a can kuwa ba lalle ya yi daidai da abin da ya sauka a Rurum ko Tarai ba. Wasu masana na Karlsruhe a Jamus sun gwada a 2018, suka tarar cewa hasashen ruwan gobe da manyan kwamfutoci ke yi wa wannan sashe na Afirka da ƙyar ya fi abin da za a samu in an dubi tarihin ruwan shekarun baya kawai. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana da amfani wajen sanin lokacin shuka da tsawon damina, amma ba a yi shi don ya faɗi wane hadari ne zai kwantar da dawa ranar Talata ba, kuma rashin adalci ne a tuhume shi da haka.

Abin da ya fi kama hankali shi ne a bar dogon hasashe a koma ga gajere, na awa ɗaya zuwa shida, wanda shirin nan na SWIFT ya horar da ma'aikatan NiMet da na wasu ƙasashen Afirka a kansa daga 2017. A nan ba a tambayar kwamfuta abin da zai faru. Hadarin da ya riga ya haɗu ake duba a hoton tauraro, a ga inda ya nufa, a kuma lura da alamun girmansa: idan saman girgijen yana ƙara sanyi da sauri, alama ce yana ƙara tsawo, idan walƙiya ta yawaita farat ɗaya, alama ce yana ƙara ƙarfi. Sabon Meteosat da aka harba a Disamban 2022 yana ɗauke da na'urar ƙidayar walƙiya saboda wannan. Tun da an san gudun hadari, lissafin ba wuya: wanda ke kan Birnin Kudu yana da kimanin awa biyu kafin ya iso Rano, wanda ke kan Sumaila bai kai awa guda ba, wanda ya sauka Kibiya kuwa kwata ɗaya ma ya yi yawa. Awa biyu ta isa masunci ya fito da kwale-kwalensa daga tafkin Tiga, makiyayi ya janye dabbobi daga gindin itace, malami ya sallami yara daga aji mai raunin rufi. Sai dai labarin ya isa gare su da Hausa, ta rediyo ko ta waya, kuma ya fito daga wanda ke gabas da su, domin mutumin Sumaila da iska ta riga ta kaɗa shi ya fi tauraro sanin ƙarfinta a ƙasa.